Malam Jumare da Motar da Ba a Marmarin Shiga

Duk wanda ya bi layin bayan masallacinmu a Agege da hantsi zai tarar da Malam Jumare zaune a kan tsohuwar kujerar danfo, bas ɗin hayar Legas, ya ɗora tabarau biyu a hanci, ɗaya bisa ɗaya, yana shafa wayar lantarki da yatsu kamar mai jan carbi. Shekara talatin da huɗu ke nan yana gyaran wayarin mota a wurin. Yarabawa suna kiransa Baba Riwaya. Mu kuwa ba ma tuna sunansa sai mun ji ƙauri a mota. Ƙarshen watan nan zai rufe rumfar, domin idanu sun ce sun gaji. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, abu ɗaya da nake iya riƙewa ban lalata shi ba.

Unguwarmu tana da motar gawa, Fijo 504 doguwa, wadda wani falken goro ya bayar sadaka tun ina firamare. Jikinta garau yake, sai dai tsufa ya koya mata hali: in ta yi zafi ta mutu, ba ta tashi sai ta huce don kanta. Ranar jana'izar Gwaggo Badiyya, ƙanwar mahaifina, a tsakiyar cunkoson gosulo motar ta tsaya cak. Muka fito da manyan riguna muna tura Gwaggo. Direbobin danfo suna zagi da harshe uku, in sun leƙo sun ga makara kuma sai su yi shiru. Shirun nan ya fi zagin ciwo.

Ni ne sakataren kwamitin maƙabarta, ni kuma na rubuta takardar a sayar da motar ga 'yan gwangwan. Da me za a riƙa kai marasa gata in ta tafi? Tunanina bai kai nan ba. Sai dai a koma roƙon masu danfo, su kuwa ba kowa ke yarda gawa ta shiga motarsa ba.

Ranar taro sai ga Malam Jumare, mutumin da bai taɓa zuwa taro ba. Ya ce, "Ku ba ni ita zuwa azumi. In ta ƙi, da kaina zan kai ta wurin masu guduma."

Aka tambaye shi me zai yi mata. Ya ce zai cire kafireta ya sa mata injekta irin ta motocin zamani, mai ƙwaƙwalwa da ke auna mai da kanta. Aka bushe da dariya. Kowa ya san a garin nan injekta ake cirewa a koma kafireta, ba a taɓa jin an bi hanyar a baibai ba.

Idi, direban motar, ya miƙe. "Haba Oga! Kafireta in ta toshe, baki nake sawa in busa. Wannan mai ƙwaƙwalwar in ta yi fushi, me zan busa?"

"Shekara nawa kana busa, Idi?"

"Sha biyu."

"To gawa nawa aka tura?"

Idi ya zauna.

Bai fara da injektar ba. Sai da ya zare duk wayar da ke jikin motar, ya shimfiɗa a ƙasa kamar hanjin sa a mayankar Oko-Oba. Kowane gwani da ya taɓa taɓa ta ya bar tarihinsa a ciki. Can ya ɗago wata wayar dutsen guga da aka murɗe aka naɗe da leda, ya ce, "Wane maƙiyin Allah ne ya yi wannan?" Na duƙufa ina karanta lambar motar. Ni ne na taɓa gyara hon.

Ya yi ta sawu zuwa Ladipo, kasuwar kayan mota, har ya gaji, ya haɗo injekta da famfon mai da ƙwaƙwalwar. Ya ja sabuwar waya tun daga fitilar gaba har ta baya, kowace da fis ɗinta. Ƙwaƙwalwar kuma ya ɗaure ta can sama, inda ambaliyar damina ba ta kaiwa.

Wata rana ya miƙo mini waya biyu, murya ƙasa-ƙasa. "Sakatare, wacce ce ja?" A nan na gane abin da tabarau biyun ke ɓoyewa. Na nuna masa. Karo na farko ke nan da na yi wa makanike amfani. Daga ranar duk wayar da na faɗi launinta sai ya ɗaura mata zare: ƙulli ɗaya na fitila, biyu na famfo, uku na ƙwaƙwalwa. Da yatsu ya ƙarasa aikin. Ya sa na zana taswirar a kwali, muka manna cikin bonet, wai kada wanda zai zo bayansa ya zage shi.

Saura kwana uku azumi Allah ya yi wa Bubakar mai gadi rasuwa, dattijo ɗan Maraɗi da ba shi da kowa a Legas. Idi ya ɗauko shi cikin rana tsaka a motar da Malam bai daɗe da gamawa ba, ya kashe mota a ƙofar masallaci da zafinta. Da aka idar da salla aka mayar da makara, sai na ga jama'a suna naɗe hannun riga ba tare da kowa ya ce musu ba. Ni har na cire hula. Malam Jumare yana gefe, ya karkatar da kunne.

Idi ya murɗa makulli sau ɗaya. Ta tashi.

Ba a yin tafi a jana'iza. Muka warware hannayen riga, muka bi ta. Idi yana share ido yana cewa hayaƙi ne, alhali motar ta daina hayaƙi.

Kai ne, Malam, ka ƙarar da ragowar ganinka a kan motar da fasinjojinta ba sa godiya. Kai ne ka hana a tura Bubakar a titi kamar buhun albasa. Mai ƙulli uku, aikinka a ɓoye yake cikin ƙarfe, sai ranar da babu kai za a san nauyinsa.

Na taɓa tambayar Malam Jumare dalilin wannan wahala. Ya cire tabarau ɗaya ya dube ni da sauran. "Ni ma fasinja ne, Sakatare, ranar ce ban sani ba. Kuma na ga yadda kake tura mota ranar Gwaggo. Hannu kawai ka ɗora."

Gaskiya ce, ban musa ba.

Mun gode, Malam Jumare. Allah ya saka maka da hasken da ya fi na ido. Ku kuma masu sana'a, in aiki ya zo hannunku ku tona har ƙasa, ku ɗaura ƙulli domin na baya. Takardar nan tawa ta sayar da motar tuni na yaga ta. Allah ya nisanta ranar da za ka shiga motar, Malam. In kuwa ta zo ina raye, na yi alkawari ba zan taɓa komai ba.