Jibo Mai Kiwon Noti

Duk wanda ya taɓa jiran mota a tashar Dutsin-Ma kafin a ba mu mulkin kai ya san Jibo. Ni kuwa na fi kowa saninsa, don rumfar ɗinkina tana kallon inda lorinsu ke kwana, kuma duk wandon da ya yaga garin tsalle a kan sifana ni na ɗinke shi. Dogo ne siriri, ɗan fari a wata rugar Fulani da ke bayan Makera. Ya yi kiwo har ya tsayar da gemu. Rannan ya koro shanu zai tsallaka hanya, wata lori ta wuce ta bar masa ƙaurin mai a hanci, shi ke nan aljanin ƙarfe ya shige shi. Ya miƙa wa ƙanensa sanda, ya ce shi mota zai bi.

Uwarsa, wadda kowa ke kira Inno, ba ta yi kuka ba, ba ta yi zagi ba. Da yake ɗan fari ne, ba ta kama sunansa, ba ta ma cika yi masa magana kai tsaye ba. Sai ta dubi ƙwaryar da take wankewa ta ce mata, "Ƙyale shi. Da ƙahwa ya tahi, da ƙahwa za shi dawo." Maganar ta soki Jibo. A gaban kawunnansa ya rantse sai ya ɗauki Inno a gaban mota, kusa da direba, ya sauke ta a tsakiyar kasuwar Kurfi kowa na gani. Wannan rantsuwa ya yi ta yawo da ita a wuya shekara da shekaru.

Ya sami aiki a lorin wani Alhaji mai fataucin gyaɗa, ƙarƙashin wani direba Sa'idu. Sa'idu irin direbobin nan ne da ba sa koya wa kowa komai, wai kada a ƙwace musu sitiyari. In za a sa taya shi ke ɗaura notuna da kansa, ya kare da bayansa kamar mai cin tsire a ɓoye. Aikin Jibo shi ne lodi, da zagayawa da sifana duk inda aka tsaya, ya ƙara ɗaure abin da gargada ta sassauta.

A nan ya yi suna, don Jibo bai daina kiwo ba, garke kawai ya sake. Kowace taya noti takwas gare ta, kuma kowanne ya raɗa masa sunan saniya. Ya san babba, ya san auta, da yawan tsatsa yake gane shekarunsu. A ruga igiya ɗaya ake ɗaure maruƙa a kai, babba a farko, sai mai bi masa, har a kai ga auta, ba a tsallake kowa. Haka Jibo ke bin notunansa a jere. In kuwa wani ya yi ƙara a bakin sifana, sai ya ce ƙishi yake ji, ya lakato man shanu ya shafa masa. Sa'idu ya yi ta faɗa cewa noti a bushe ake ɗaure shi, ƙasa kawai ake gogewa. Jibo ya ce to, Sa'idu na juya baya ya ci gaba. Duk tashar nan lorinsu ce kaɗai karnuka ke lasar tayoyinta.

Inno dai ta ƙi mota fur. Sai da gwiwa ta fara gagararta, ga kuma bikin suna a gidan ƙanwarta a Kurfi, sannan ta aiko cewa za ta hau. Jibo ya zo ya sa na ɗinka masa sabuwar taguwa, ya bi tasha yana gaya wa har waɗanda ba su tambaye shi ba.

Ranar tafiya aka wayi gari tayar baya ta sace. Sa'idu yana wurin wanzami, Jibo kuwa ba zai bari Inno ta iso ta tarar da mota a gurgunce ba. Ya kafa jak, ya sa tayar ajiya da kansa, karo na farko a rayuwarsa. Don girmama baƙuwa ya ninka wa notuna man shanu. Ya sa babban noti, ya zura bututu a sifana, ya hau ya yi ta tsalle har ya ƙi motsi, alhali sauran notunan ko kama bakin ƙusa ba su yi ba. Taya ta zauna a ɗan karkace, sauran suka cije kamar sun ɗauru. Ina kallo daga rumfa, kuma yaba masa na yi, don ni ma abin da na sani ke nan.

Muka tashi. Inno na gaba, ƙwarya a cinya, ta ɗaure fuska kamar an kai ta gaban alƙali. Ni ma zan ci kasuwar Kurfi, ina baya a kan buhuna rungume da keken ɗinki. Jibo yana maƙale a jikin katako, haƙora duk a waje. Mun wuce rabin hanya sai wani ƙwanƙwasa ya fara tasowa daga ƙasa. Allah ya taimake mu Sa'idu ya rage gudu zai shiga yashin wani rafi. Nan taya ta yi sallama da mu, ta gangara abinta ta nufi fadama, lori kuwa ta durƙusa a hankali kamar raƙumi. Ba wanda ya ji ciwo, sai wani mai ƙwan zabi da ya yi ta salati a kan kwandonsa.

Jibo ya bi taya. Ya daɗe. Can muka hango shi tafe a ƙasa, yana gara ta cikin rana, sabuwar taguwa ta koma kalar hanya. Inno tana zaune a gindin wata kanya tana kallonsa. Duk wanda ke motar ya san abin da ta faɗa wa ƙwarya, don Jibo da bakinsa ya baza labarin. Ni mai son dariya ne, amma ranar tausayinsa ya hana ni.

Fasinjoji suka bi hanya suna tsintar notuna, aka zuba su a ƙwaryar Inno. Ta ɗauki ɗaya ta sansana.

"Ashe nan man rugarmu ke tahiya," in ji ta.

Ta cuɗe su da yashi kamar tana wankin ƙwarya, ta goge su tas da bakin zane. Aka ɗaga mota, aka mayar da taya. Jibo ya laluba ya ɗauko babba, ya kai hannu ga bututu. Inno ta taso tana dogara sanda, ta tsaya a kansa, ta yi wa taya magana.

"Maraƙi ake ɗaurewa haka. Wanga kaya ne. Wa ya taɓa ganin an ja igiyar takarkari gehe guda har ƙarshe? Ja nan kaɗan, zagaya ka ja can kaɗan."

Ta shiga nuna masa da sanda, wannan, sai na ɗaya gefen da ke kallonsa, sai wancan, sai kishiyarsa. Sa'idu ya yi gunaguni cewa ai shi haka yake yi tun fil azal.

"Da ka hwaɗa mishi, ɗan nan, da yanzu muna Kurfi," in ji Inno.

Da aka sauke jak Jibo ya ɗaga ƙafa zai hau sifana, ta ɗora masa sanda a ƙauri. Ta ce igiyar da aka matse fiye da kima ita ke fara tsinkewa, ƙarfin hannu ya isa.

Aka gama, kowa ya hau, ban da Inno. Ta ɗora ƙwarya a ka, ta dubi hanyar Kurfi. In ta taka da ƙafa, Jibo ya gama yawo a Dutsin-Ma, shi ma ya sani, don kansa na ƙasa. Ta daɗe tana kallon tayar, ta ƙwanƙwasa ta da sanda.

"Tunda ni na ɗaure, sai in hau."

Ba mu yi nisa ba ta sa Sa'idu ya tsaya, wai kaya sai an ɗan taka yake zama, a sake jan igiya. Aka sauka aka duba, aka kuwa sami biyu sun ɗan saki. A tsakiyar kasuwar Kurfi Jibo ya diro ya buɗe mata ƙofa. Mata masu nono suka kewaye ta suna tambayar yadda ta ga mota.

"Da ƙahwa ya dawo, na gani da idona," in ji ta. "Amma bai bar ɓatacciya a daji ba."

Jibo bai taɓa zama direba ba. Daga baya ya kafa wurin faci kusa da rumfata, man shanu kuma ya koma zuba shi a tuwo kamar sauran mutane. Sunayen notuna dai bai bari ba. Duk tayar da zai ɗaura, sai ya maƙale murya irin ta tsohuwa ya ce mata, "Ja nan kaɗan, zagaya ka ja can kaɗan." Mu kuwa mu yi ta dariya. Da Inno ta rasu bai daina faɗa ba, mu ne muka daina dariyar.