Yadda Muka Kai Kaka Suna Illela

Fita daga Konni

Shekarar da za a yi sunan ɗan fari na yayata Zeinabu a Illela, damina ta yi kyau ƙwarai, kafin shekarun babban fari. Kakarmu ta ce ko a ka za a ɗauke ta sai ta je ta ga tattaɓa-kunnenta. Isufu, ɗan kawuna kuma taubashina, bai daɗe da samun permi ba, wato lasisin tuƙi, sai ya roƙi maigidansa ya ba shi aron bashe, motar nan mai tamfol a baya.

Ana idar da sallar asuba muka tashi, ranar jajibirin suna. Kaka a gaba, ni a tsakiya da ƙwaryar fura a cinya, buhun shinkafa da tabarmi a baya. Isufu ya sa baƙin tabarau tun rana ba ta fito ba.

Na ce, "Shofer, da wanga madubi za ka ga hanya?"

Ya ce, "Ke dai riƙe hurarki. Kahin hantsi kuna Illela."

A bakin gari jandarma ya karɓi permin, ya dube shi, ya dubi Isufu, ya ce, "Sabo ne hul. Lokacin girbi ne, kowa ya kwaso hatsi shina bisa hanya. Ka bi sannu." Isufu ya ce to, amma ƙafarsa ba ta ji ba.

Tsarnawa zuwa Gidan Idar

A Tsarnawa muka karya kwana muka yi arewa, muka hau jar hanya. Hagu da dama an girbe gero, dammuna jingine a gonaki, jakuna da raƙuma suna ta jigila. Kusa da Gidan Idar muka tarar da amalanken shanu a gabanmu, an labta mata dammuna har sun fito gefe da gefe, ba ka ganin mai korar sai ƙafafunsa.

Kaka ta ce, "Isuhu, jinkirta."

Isufu ya matsa dab da bayan amalanken ya danna oda da ƙarfi. Bijiman nan ba su saba da kukan mota ba. Suka zabura suka yi cikin kwari, ƙafar amalanke ɗaya ta faɗa rami, igiya ta tsinke, dammuna suka zube tsakiyar hanya. Isufu ya taka birki, fura ta tashi daga cinyata ta wanke masa wando da tabarau. Goshin Kaka ya bugi gaban mota.

Babu wanda ya yi dariya a lokacin. Mai amalanken, wani dattijo mai suna Malam Ada, ya taso daga ƙasa yana ɗingishi, ya fara duba ƙafafun shanunsa kafin ya dubi tasa. Da ya ga ba su karye ba, ya juyo.

"Yaro, sa ba shi da birki. In ka gan mu, rage gudu tun nesa, ka jira in kauce in ɗaga maka hannu. Da ƙahwar ɗaya ta karye, da mi zan kwashe sauran hatsina?"

Isufu ya durƙusa, fura na ɗiga daga haɓarsa, ya ce, "Baba, ka yi haƙuri."

Kaka tana murza goshi ta ce, "Haƙuri ba ya ɗaukar dami. Tashi ka ɗauka."

Haka shofer mai permi ya yi ta dakon dammuna a ka, ƙaiƙayi na cin wuyansa. Waɗanda amalanke ba ta ɗauka ba muka zuba a bashe muka kai har gindin rumbun Malam Ada. Matarsa ta ba mu ruwa da gyaɗa, ta shafa wa Kaka man shanu a goshi. Sai bayan azahar muka koma hanya.

Badagishiri

Da muka gangara kwarin Badagishiri, sai ga tarakta tana jan tirela cike da buhuna, tana tafiya kamar mai jin barci. Hanya a buɗe, babu mai zuwa. Na zunguri Isufu.

"To, wuce mana. Ko wagga ma tsoron oda take?"

Ya ce, "Ban ga hannunshi ba."

Muka bi bayanta muna shan jar ƙasa, ina ta yi masa tsiya. Ba mu yi nisa ba taraktar ta karya hagu ta shiga wata gona, babu fitilar kwana, babu waiwaye, tirelar ta tare hanya gaba ɗaya. Daidai wurin da za mu kasance da ya biye mini. Kaka ta yi salati, ta ce mini, "Ke kuma rufe bakinki har Illela." Na rufe.

Illela

La'asar sakaliya muka shiga. Zeinabu ta fito da jariri, Kaka ta karɓe shi ta daɗe tana kallonsa, hawaye na zuba. Muka kwana a ɗakin surukar Zeinabu bayan tuwon gero da miyar kuka. Da safe aka raɗa wa yaro suna Abdu, aka raba goro, aka yanka rago.

Komawa gida

Washegarin suna muka juyo. Isufu ya tsaya wa amalanke, ya tsaya wa raƙumi, har ya tsaya wa wata mata mai ɗauke da kara da ke can cikin gona. Gab da magariba muka iso Konni, maƙwabta suka taru suna tambayar Kaka yaya ta ji mota.

Ta ce, "Mota ce mai ladabi. Ko akuya ta gani sai ta tsaya ta gaishe ta."

Mun gode wa Allah da Ya kai mu Ya dawo da mu da ƙafafunmu, mun gode wa mai mota, da mutanen Gidan Idar da suka ba mu ruwa bayan mun zubar musu da hatsi.