Buhunan da na toshe kwalbati da su

Ni ne mai laifi, gara in faɗa tun daga farko. Shekarun baya ƙaramar hukumarmu ta yi mana kwalbati a hanyar ƙasa da ke fita daga ƙauyenmu zuwa Bukkuyum. Kafin a yi shi, in damina ta yi nisa sai mun haɗu mu huɗu mun ɗaga babur sannan a tsallake rafin. Ni ɗan kabu-kabu ne, na fi kowa sanin wahalar wurin. Wanda ya tsaya kan aikin wani dattijo ne na sashen ayyuka, aminin marigayi mahaifina. Baba nake ce masa.

Matsalar ita ce gonata ta wake tana ƙasan hanya, daidai inda kwalbatin ke zubo ruwa. Ruwan farko mai ƙarfi ya share mini gefen gonar. Ban yi wa kowa magana ba. Na ɗebo tsofaffin buhunan gero takwas, na cika su da yashi, na cusa a bakin kwalbatin. Na koma gida ina ganin na fi injiniya dabara.

Bayan sati biyu aka sheƙa ruwa. Da bai samu mafita ba sai ya hau kan hanya, ya cinye gefenta, ya fasa bangon kwalbatin ɗaya. Laka ta rufe buhunan. Muka koma ɗaukar babur har kaka.

A ƙarshen kowace shekara kansilanmu yakan tara jama'a a filin firamare ya karanto abin da aka yi. Ranar ya ce an gyara famfo, an sake rufin ɗakin shan magani, an yi kwalbati. Yana ambaton kwalbati aka fara gunaguni. Tsoro ya kama ni kada wani ya ce a tona a ga abin da ya faru, sai na riga kowa miƙewa.

"Ranka ya daɗe, a cire kwalbati daga cikin ayyuka. Wanga aiki na yashi ne, siminti ya bi wata hanya. Ga Baba nan, a tambaye shi."

Aka tafa mini. Baba ya dube ni ya ce, "Allah shi kyauta." Kansila ya ce za a bincika, in an same shi da laifi za a cire shi daga aiki. Saura masa shekara ɗaya ya yi ritaya.

Bayan kwana biyar na dawo daga kasuwa da la'asar, na tarar da buhuna takwas a kan tabarmar Inna mahaifiyata, an wanke su an ninke. A wajenmu kowane manomi yana yi wa buhunansa alama don kada su cakuɗe a motar kasuwa. Tawa layi biyu ne na shuɗin fenti da ɗigo a tsakiya. Ga ta nan a kowane buhu.

"Baba ya taho," in ji Inna. "Ya ce in ba ka kayanka, wai buhu ya yi tsada bana."

"Mi ya ce kuma?"

"Ya ce in gaishe ka da ƙoƙari." Ta ɗaga buhu ɗaya. "Sannu, injiniya. Wanga ma ni na ɗinke masa gindi."

Ashe Baba ya kai leburori sun tona, sun samu buhunan. Ya shaida wa kansila an toshe kwalbatin ne, amma ya ƙi faɗin wanda ya toshe. Ba a cire shi ba, sai dai mutane ba su yarda ba. Suka sa masa suna Baba Siminti, har a masallaci ana raɗe-raɗi. Da ya gyara kwalbatin kuma, sai da ya sa aka haƙa lambatu ya kewaye gonata.

Shekara guda ina ɓuya. In na hango farar hularsa sai in karya kan babur in bi lungu, ko da fasinja a baya.

Yanzu komai ya wuce. Kwalbatin na nan, kullum ina bi ta kansa, wakena na yin kyau. Baba ya yi ritaya, duk kaka nakan kai masa wake, shi kuma sai ya ce in koma da buhuna, ya gaji da wanki. Har gobe ina zuwa taron ƙarshen shekara, ina kuma tambaya in an yi abin tambaya, amma sai na fara duba ko akwai hannuna a ciki.

A taron shekarar da ta biyo bayan ƙazafin ne na kasa ci gaba da ɓuya. Na tafi da buhunan, na shimfiɗa su a gaban jama'a, alamar tana sama. Na durƙusa gaban Baba.

"Jama'a, kun san alamar ga. Ni na toshe kwalbati, ni kuma na yi wa Baba ƙazafi. Siminti bai bi ko'ina ba. Baba, a nan na ɓata maka suna, a nan nake roƙonka. Don Allah ka yafe mini."