Bidiyon Inna a Cikin Shanun Maigatari

Na gaji da kalmomin nan biyu, wallahi na gaji. Shekara da shekaru ina koyar da kwamfuta a wata makarantar 'yan mata a Gumel, kuma kowane zango sai na rubuta su a allo: backup da sync. In ce wa yara backup rumbu ne, ka ɗebi hatsi ka zuba ka rufe, ko na tukunya ya ƙone, na rumbu yana nan. Sync kuwa madubi ne. Abin da ke wayarka shi ne a can sama, ka ƙara ya ƙaru, ka goge ya gogu. Su ce sun gane, Malama. Ranar jarrabawa su cakuɗa min su. Da a aji abin ya tsaya ma da sauƙi.

Yayana dillalin shanu ne a kasuwar Maigatari. Yanzu mai saye yana zaune a Kudu abinsa, ba ya zuwa. Sai a ɗauki hoton bijimi ta gaba da ta gefe, a buɗe bakinsa a ɗauki haƙora, a kora shi a yi bidiyon tafiyarsa don a ga ba ya ɗingishi, sannan a tura. Ranar Alhamis kafin azahar waya ta cika fal. A goge, a sake ɗauka.

To a cikin wannan wayar bidiyon Inna yake, mahaifiyarmu, guda ɗaya tak. A gida ya ɗauke ta, a Ɗanzomo, daminar da ta rasu. Inna ba ta yarda da hoto ba, satar ɗauka ya yi. Shi ke nan abin da ya rage mana na muryarta.

Babu irin nacin da ban yi ba a kan ya tura min. Yau ya ce bidiyon yana da nauyi, gobe ya ce babu sabis. In ya biyo Gumel kuwa a tsaye yake gaisuwa, ɗan acaɓa na jiransa a ƙofar gida.

"Ke kin cika tsoro," in ji shi. "Wanda ya sayar min da wayar ya saka min bakof. Komai yana sama, ko da ta faɗa rijiya."

"Yaya, wanne ya saka maka, backup ko sync?"

"Duk ba Turanci ba ne? Ki bar wa ɗalibanki."

Na ce kawo in duba, ya ce shanu na jiransa.

Kasuwar jajiberin babbar Sallah waya ta ƙi ɗaukar hoto, ga mai saye yana ta kira. Yaya ya zaɓi duk tsofaffin hotuna da bidiyo ya goge, hankalinsa kwance, tunda a ganinsa suna ajiye a sama. Bai faɗa wa kowa ba, don bai ga abin faɗa ba. Sai bayan kaka, da kawunmu, ƙanin Inna, ya zo daga Damagaram ya ce a nuna masa 'yar'uwarsa, aka nema aka rasa.

Ranar nan Yaya ya sallami ɗan acaɓa. Ya zauna a tabarma ya miƙo min wayar da hannu biyu.

Sync ne. Na buɗe ma'ajiyar da ke sama, babu komai sai shanu, farare da jajaye, wasu baki a buɗe. Akwai kwandon da abin da aka goge yake ɗan zama kafin ya ɓace, na duba nan ma, ya daɗe da wofintar da kansa.

Na yi faɗa, ba zan ɓoye ba. Na ce haba Yaya, haba! Sau nawa na roƙe ka? Ka ba haƙoran shanu wuri ka kori uwarka? Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. Da na gama, sai na jingina da bango.

Can ya ce, "Ke kin riƙe abin da take faɗa a ciki?"

Na ce na riƙe mana. Tana ɓare gyaɗa a gindin darbejiya, ta ɗago ta gan shi, ta ce, "Kai, kawar min da abin nan daga fuska, ka je ka ɗaure akuyar can kafin ta shiga gonar mutane."

Na maimaita masa daidai, ban rage ko kalma ba. Ya ce in sake. Na sake, har na ɗan ja ƙarshen yadda take yi.

Ya girgiza kai, hawaye na bin gemunsa.

"Maganar ce," ya ce, "amma ba haka take faɗa ba."