Ledar da Ta Kashe Akuyar Goggo

A ƙauyenmu, can gefen Baure, hukuncin ɓarna a bayyane yake. Idan dabbarka ta shiga gonar wani, kai za a nema, ba ita ba. Shi ya sa da damina kowa ke ɗaure nasa, bayan girbi a sake su.

A irin wannan sakin ne babbar akuyar Goggo, yayar mahaifina, ta daina cin abinci. Ciki ya kumbura, jiki ya rame. Da aka ga ba za ta tashi ba aka yanka ta, mahauci ya zaro dunƙulen leda daga tumbinta. Yawanci ta ruwan sha ce, wato fiya wata, wasu ko sunan kamfanin bai goge ba. Akuya ɗaya ta rage wa Goggo, ita ce kuma duk abin da ta mallaka.

Ta sa na karanta mata sunan. Ta wanke ledojin ta ƙulle a tsumma, ta ce in tayar da babur mu tafi Daura, inda kamfanin yake. Na so in zille, amma Goggo ba a yi mata musu.

Mai kamfanin ya karɓe mu da mutunci. Ta kwance ƙullin a kan teburinsa.

"Alhaji, kayanka sun yi mini ɓarna, ga sunanka a jiki. Ka aiko a kwashe su daga garinmu kafin su kashe mini ɗayar."

"Ayya, Inna, Allah ya mayar da alheri. Amma mu ruwa muke sayarwa. Wanda ya sha ya yar, shi ne mai laifi."

"Masu lemon kwalba ba dawowa suke su kwashi kwalabensu ba?"

"Kwalba ai tana da daraja, Inna."

"Akuyata fa?"

 Sai ya sa aka ɗora mana jakunkunan ruwan a babur, wai mu yi haƙuri. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma Goggo ta ce ba a mayar da kyauta. Da muka isa gida ta juye ruwan a randa, ta miƙo mini ledojin in mayar masa. Na mayar, mai gadi ya watsa su a kwata a gabana.

Ɗayar akuyar ba ta ƙara fita ba. A turke ta ƙare ranin nan, tana kuka duk safiya idan na maƙwabta suka wuce. Goggo kuwa, da tsufanta, ita ta koma fita daji da kwando tana nemo mata abin ci.