Ƙafafuna sun mutu a cikin kabarin Isuhu

Salamu alaikum 'yan'uwa. Wata biyar ke nan ban ce uffan a nan ba. Masu turo saƙo ina gani ina yin shiru, ku yafe ni. Ba wulaƙanci ba ne, bakin ne ya yi nauyi.

Kun san haukata a kan nutso, shiga ƙarƙashin ruwa da tukunyar iska a baya. Mutanenmu na Greensboro har tsiya suke min, wai ina Bakatsine ina ruwa. Mu biyu ne Hausawa a ƙungiyarmu, ni da Isuhu, mutumin Damagaram, direban babbar mota. A harkar nan bibbiyu ake shiga ruwa, kowa yana lura da ɗan'uwansa. Shekara huɗu Isuhu ne nawa.

Wata Asabar muka je wani tsohon ramin fasa dutse da ya cika da ruwa. Muna can ƙasa, wajen ƙafa casa'in, na waiga na ga Isuhu ya saki abin shaƙar iskarsa, idonsa a buɗe, amma ba ni yake kallo ba. Daga baya aka ce zuciyarsa ce ta tsaya.

Ƙa'ida ita ce a hau a hankali, a dakata a hanya, don iskar da ta shiga jini ta fita. In ka yi gaggawa sai ta zama kumfa a jikinka. Na san haka sarai. Na rungume shi na harba sama ban tsaya ba.

Bai rayu ba.

A bakin ruwan Debbie, wadda ta koya mana nutso, ta riƙe hannuna ta ce, "Sani, ka hau da sauri. Bi motar asibitin nan." Na ce lafiyata ƙalau, alhali kafaɗata ta fara sara. Ga gawa, ga matarsa Rakiya da ba a ko faɗa wa ba. Wa zai tsaya zancen kafaɗa?

Da yamma ƙafafuna suka fara yi min kamar kiyashi na yawo a ciki. Bilki matata ta dafa ruwa, ta gasa min baya da tawul, ta shafa man zafi. "Baban Amira, gajiya ce da tashin hankali, it will pass." Ba ta san zafi yana ƙara ta'azzara kumfar ba. Ni na sani, na ja bakina na yi shiru, don in na yi magana asibiti za a kai ni, a binne Isuhu ba ni.

Ranar Litinin aka ba mu gawar. Ni na yi masa wanka, ina jingine da tebur. A maƙabarta na ce ni zan shiga kabarin. Na karɓe shi, na kwantar da shi ta dama, na kwance ƙullin likkafanin. Da na zo fita, ƙafafu suka ce ba su san zancen ba.

Mutum uku suka jawo ni waje, wandona sharkaf da fitsari, ban ma ji fitarsa ba.

A asibiti aka ɗauki hoton baya, aka sa min robar fitsari, ana soka min allura a tafin ƙafa ana cewa ka ji? Ban ji ba. Aka wuce da ni Durham, inda ake da wani ɗakin ƙarfe kamar tankin mai. Rufe ka ake yi a matsa iska kamar kana ƙarƙashin ruwa, don kumfar ta narke. Shigar farko na yi kusan awa shida, ina kwance ina ganin idon Isuhu.

Likitar wurin ba ta ɓoye min ba. "Kumfar ta taɓa lakarka. Da ranar Asabar ka zo, wataƙila da ƙafarka za ka koma gida. Yanzu ba zan yi maka alkawari ba."

Da Bilki ta ji gashin nan ya ƙara ɓarna, ta dinga kuka wai ita ta cuce ni. Dole na faɗa mata gaskiya. Ta ce, "Ka sani, ka bar ni na gasa ka da hannuna?" Kwana biyu tana juya ni a gado, tana goge ni, ba ta ce min kanzil ba. Wallahi shirun nan ya fi ciwon ciwo.

'Yan ƙungiyarmu suka raba kwanaki, kullum biyu su zo. Sun je zaman makoki gidan Rakiya, suka cire takalma suka zauna a ƙasa, ba su san me ake cewa ba, amma sun zauna. Tom, wani dattijo a cikinsu da ya taɓa rasa nasa abokin nutson, ya ce min, "Za ka riƙa ganinsa. Ba ya dainawa, raguwa yake yi."

A sati na uku babban yatsan ƙafata ta dama ya motsa. Wata biyu ina keken guragu, sannan sanda. Inshorar masu nutso ta ɗauki mafi yawan kuɗin, in ba haka ba da mun shiga uku. Nutso kuma ni da shi har abada.

Jiya na hau matakala huɗu na gidan Rakiya a unguwar Glenwood da ƙafata, na yi mata ta'aziyyar da ban samu yi ba. Ta kalli sandata ta ce, "Malam Sani, vraiment, gaskiya ka ba ni haushi. Mutum nawa ne a maƙabartar nan? Kowa zai iya sa shi a rami. Amira kuwa uba ɗaya gare ta."



Alhamdulillahi. Na gode wa Bilki, da 'yan ƙungiya, da jama'ar masallaci da ba su bar tukunyarmu ta huce ba.

Masu nutso, in kun fito kuka ji sara ko wani yam-yam a jiki, ba gashi, ba wanka da ruwan zafi, ba jira. Ku nufi asibiti ku ce daga ruwa kuke, ko da gawa ce kwance a gabanku. Za ta samu masu ɗaukarta.

Ku sa Isuhu a addu'a. Ni kuma ku roƙa min ƙafar hagu, har yanzu in na tsaya sallah ba ta jin ƙasa.