Tikitin Inna zuwa Legas

Takarda ɗaya tak Inna ta taɓa mallaka mai ɗauke da sunanta, katin baftisma da mishan suka ba ta, shi ma gara ta cinye shi a akwati tun ina goye. Ba ta damu ba. A Gozaki wa zai tambaye ta ko ita wace ce? Kowa ya san ta, ya san ubanta, ya san gonar audugarmu.

Ina koyarwa a wata firamare a Malumfashi, farkon shekarun tamanin, saƙo ya zo daga matar Yaya. Yaya shi ne ɗan farin Inna, yana aiki a Legas. Matar ta ce ciwo ya ci ƙarfinsa, yana asibiti, ba ya neman kowa sai Inna. Ya sa an biya mata kujerar jirgin sama daga can, mu dai mu je Kano mu karɓi tikiti. Tafiyar mota ta yi nisa, likita kuma ya ce a hanzarta.

Muna cikin motar Kano abu ɗaya ke ta yi mini yawo a kai. Mutumin da bai taɓa ganin Inna ba, ta yaya zai gane ita ce? Na tambaye ta. Ta harare ni, ta ce, "Ke dai da tambayar tsiya. In ba ni ba ce, wace ce?"

A filin jirgi muka tarar da wani saurayi a bayan kanta. Da ya ji mun ce Gozaki sai ya washe baki, wai shi haifaffen Funtua ne, iyayensa 'yan kudu ne masu shago kusa da tasha. Ya duba littafinsa, ya ce lallai akwai tikiti da wannan suna.

"Mama, ina takardar shaidarki?"

Inna ta nuna tsagar kumatunta. "Ga ta nan, ɗana. Ta gidanmu ce."

Ya yi dariya, ni ma na yi. Amma ya ce tsaga ba ta shiga littafi. In ya ba wata tikitin, mai shi ta zo daga baya, ina zai sa kansa? Gaskiyarsa ce, ko da yake a lokacin ji nake kamar in shaƙe shi.

"To ga mai sauƙi," in ji shi. "Sunan wanda ya biya yana nan a rubuce. Faɗa mini sunansa."

Na buɗe baki, ya ɗaga mini hannu. "Malama, daga bakin mai tafiya nake so in ji."

Tirƙashi! A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, kunya ce. Wasu matan suna ɗan sassautawa, ban da Inna. "Yaron nan" take cewa, ko da ya yi gemu. Akwai mai gyaran keke a garinmu da suke suna ɗaya da Yaya, shi ma "mai keke" ya ƙare a bakinta. Ina ƙarama na sha ɗana mata tarko in ji yadda sunan zai fito, ban taɓa kama ta ba.

Inna ta sunkuyar da kai, ta ja mayafi ta rufe fuska. Ni kuwa na hau saurayin nan da faɗa. "Kai da ka ce a Funtua aka haife ka, ba ka san kunyar ɗan fari ba?"

Ya juya wajen Inna. Ita yake kallo. Na ga fuskarsa ta sauya, ya ɗauki biro, ya jawo tikitin ya fara cikawa. Ashe shirun nata ya ishe shi shaida. Sai dai Inna ba ta gani ba, kanta na ƙasa. Daidai nan aka yi shela da lasifika cewa masu zuwa Legas su matso.

Sai na ji ta faɗi sunan. A hankali, daga cikin mayafi, kamar mai ɗauko ƙwai. Ta zaci bai ji ba, ta sake faɗa da ƙarfi. Na girma ina ɗokin jin wannan suna a bakinta, da na ji kuma sai tausayinta ya kama ni har na kasa kallon ta.

Saurayin ya miƙa mata tikitin da hannu biyu. Ban gaya mata cewa ya riga ya yarda ba, shi ma bai faɗa ba. A bakin ƙofar da ba a barin 'yan rakiya su wuce ta damƙe hannuna.

"Kada ki kuskura ki gaya wa yayanki."

Ta sami Yaya da rai. Kwana tara tana zaune a gefen gadonsa kafin Allah ya karɓi abinsa. Bayan an gama zaman makoki na ja matar Yaya gefe, na tambaye ta ko Inna ta kira shi da sunansa, ko sau ɗaya. Ta yi tunani, ta ce ita dai ba ta ji ba. Amma kullum da safe ita takan sauka ɗebo ruwan zafi, ta bar shi da Inna su biyu.